Eastbourne, gasar jajiberen Wimbledon: yadda mako guda ya ɗaukaka ta, ya kuma rage mata daraja

Ranar Asabar 28 ga watan Yunin 2025, wasu 'yan mata biyu suka kara a wasan ƙarshe na gasar tanis ta Eastbourne, wani gari da ke bakin teku a kudancin Ingila. Ɗaya Maya Joint ce ta Ostareliya, mai shekara 19, ɗayar kuma Alexandra Eala ta ƙasar Filifins, mai shekara 20. Sai da aka kai turmi na uku, wato kashi na ƙarshe na wasan, aka shiga wasan raba gardama, sannan Joint ta yi nasara da maki 12 da 10. Sau huɗu Eala tana kaiwa inda maki ɗaya ya rage mata ta ɗauki kofi, sau huɗu yana kuɓuce mata. Wanda ya kalla bai yi asarar lokacinsa ba.

Amma wanda ya daɗe yana bin wannan gasa, da ya ga sunayen biyu a allo, sai ya san an yi sauyi. Wannan fa kofi ne da manyan zakarun duniya suka ɗauka, irin su Chris Evert, da Monica Seles, da Kim Clijsters, da Justine Henin, wanda Martina Navratilova ta ci har sau 11. A shekarar 2025 ne aka sauke gasar mata ta Eastbourne daga mataki na 500 zuwa na 250, wato makin da zakara ke samu ya ragu da rabi. Filin bai lalace ba, 'yan kallo ba su ƙaurace ba, garin bai yi laifin komai ba. Bayanin abin da ya faru yana cikin kalandar wasan tanis, da yadda ake raba maki, da kuma wanda ke riƙe da akalar kuɗin.

Eastbourne gari ne na mutum kusan dubu ɗari, a yankin Sussex ta Gabas, tafiyar kamar sa'a ɗaya da rabi a jirgin ƙasa daga Landan. Garin shan iska ne tun zamanin Sarauniya Victoria, lokacin da wani attajirin basarake, Duke na Devonshire, ya zuba dukiyarsa wajen tsara shi. Da sunan sarautarsa ake kiran dandalin Devonshire Park, inda ake buga gasar, kuma tun 1881 ake gasar tanis a wurin. Daga filin zuwa bakin ruwa 'yan mintoci ne a ƙafa. Shi ya sa abubuwa biyu ba sa rabuwa da wasan Eastbourne: kukan tsuntsayen teku, da iska. Iskar kan zo ta ɗauke ƙwallon da 'yar wasa ta cilla sama za ta buga, har ta fasa ta sake cillawa. Wadda ba ta da haƙuri kan sha wahala a nan.

Gasar mata ta ƙwararru ta fara a 1974, kuma shekarar tana da ma'ana. A 1970 ne mata tara, Billie Jean King na cikinsu, suka yi bore kan ƙarancin ladan da ake ba mata idan aka kwatanta da na maza, suka sa hannu kan kwantiragin dala ɗaya kacal domin su kafa jerin gasanninsu. A 1973, mako guda kafin Wimbledon, babbar gasar tanis ta Landan da ake bugawa a kan ciyawa, King ta tara 'yan wasa a wani otal a Landan aka kafa ƙungiyar WTA, wadda har yau ke tafiyar da tanis ɗin mata. Shekara guda bayan haka Eastbourne ta buɗe, gasa ta mata zalla, ba tare da raɓuwa da maza ba. Haka ta zauna har shekara 35, kafin a haɗo gasar maza a 2009. A ganina wannan shi ne babban abin da garin zai yi tinƙaho da shi: ya nuna tun da wuri cewa jama'a za su sayi tikiti su cika fili don kallon mata kaɗai.

Sai maganar ciyawa, wadda ita ce tushen komai.

Ana buga tanis ɗin ƙwararru a kan fili iri uku. Akwai daɓe mai tauri, wanda ya cinye yawancin shekara, har da manyan gasannin Ostareliya da Amurka. Akwai jar ƙasa, wadda a gasar Roland Garros ta Faransa garin jan bulo ne aka shimfiɗa; a kanta ƙwallo kan rage gudu ya yi tsalle sama, 'yar wasa kuma ta riƙa zamiya da gangan don ta cim masa. Sai ciyawa, wadda halinta ya saɓa da na jar ƙasa ta kowace fuska. Ƙwallo in ya sauka a kanta sai ya sulale ƙasa-ƙasa, ya iso da wuri. Dole a durƙusa sosai, a gajarta taku, a rage jan hannu kafin bugu. Zamiyar da ke taimako a Paris, a nan sai ta kai mutum ƙasa. Mai ƙarfin bugun farko da wadda ta iya matsowa gaban raga su ke cin riba, mai jiran a yi ta musayar ƙwallo ashirin kafin a ci maki ɗaya kuwa sai ta ga an gama da ita tun ba ta zauna da gindinta ba.

Matsalar ita ce waɗannan filaye biyu masu gaba da juna su ne maƙwabta a kalanda. Ana kammala Roland Garros a farkon watan Yuni, a fara Wimbledon a ƙarshensa ko farkon Yuli. Kafin 2015 mako biyu ne kawai tsakaninsu. Daga shekarar aka mayar da shi uku. A cikin wannan ɗan taƙi ne 'yar wasa za ta sauya takalmi, ta sauya taku, ta sauya tunani. Ciyawa kuma ba abin da ake samu ko'ina ba ne: tana da tsadar kula, ba ta jure yawan taku, ruwan sama kaɗan ya sa ta yi santsi a dakatar da wasa. A Wimbledon milimita 8 ake aske ta. Kulob kaɗan ne a duniya ke iya riƙe fili irin wannan. Devonshire Park na cikinsu, kuma makonsa shi ne na ƙarshe kafin babbar gasar. Wasan ƙarshe ranar Asabar, Wimbledon ranar Litinin. Jajibere ke nan.

A zamanin da tazarar take mako biyu, wannan matsayi alheri ne tsantsa. Wadda ta yi nisa a Paris za ta huta mako guda, sannan ta nemi inda za ta taka ciyawa, kuma babu inda ya kai Eastbourne. Tarihin shekarun farko ya nuna haka ƙarara. Evert ta ci Eastbourne a 1974 da 1976, duka shekarun biyu ta wuce ta ci Wimbledon. Navratilova kuwa gida ta mayar da wurin. Bahaguwa ce, mai buga ƙwallo ta biyo shi a guje zuwa raga, salon da kamar don ciyawa aka ƙirƙire shi. Ta ci a 1978, ta ci biyar a jere daga 1982 zuwa 1986, ta ci huɗu a jere daga 1988 zuwa 1991, ta rufe da 1993. Daga cikin kofuna tara da ta ɗauka a Wimbledon, bakwai sun zo ne a shekarun da ta fara cin Eastbourne. Wasan ƙarshe na 1979, wanda Evert ta doke ta da 13 da 11 a turmi na uku, har yau tsofaffin masu kallo na ambatonsa. Lura da wannan: manyan 'yan wasa biyu na duniya suka tsaya suka yi ta gwabzawa haka, saura kwana biyu a fara Wimbledon, babu wadda ta ce bari ta adana ƙarfinta.

Yau da wuya a ga haka, kuma akwai shaida ɗaya mai sauƙi. Jana Novotna ce ta ƙarshe da ta haɗa kofin Eastbourne da na Wimbledon a shekara guda, a 1998. Tun daga nan babu. Waɗanda suka ci Wimbledon bayan sun bi ta Eastbourne, yawancinsu faɗuwa suka yi a can tukuna: Petra Kvitova ta sha kashi hannun Marion Bartoli a wasan ƙarshe na 2011, bayan mako biyu ta ɗauki kofin Wimbledon, Angelique Kerber ta faɗi a wasan kusa da na ƙarshe a 2018, ita ma ta je ta ci. Wasu za su ce camfi ne. Ni ina ganin lissafi ne na jiki. Wasan yanzu ya fi na da cin ƙarfi, kuma wadda ta buga wasa huɗu ko biyar a jere har zuwa Asabar, ta shiga mota zuwa Landan, an riga an fitar da jadawalin Wimbledon tun ranar Juma'a, abokiyar karawarta ta yi kwanaki tana atisaye tana hutawa.

Daga nan ne cutar da ke damun duk gasar jajibere ta samo asali, wato janyewa. 'Yar wasa babba ba kofin Eastbourne ya kawo ta ba. Wasa biyu ko uku take nema, ƙafarta ta saba da ciyawa. Da ta samu, ko ta ji ɗan motsi a cinya ko gwiwa, sai ta haƙura. A 2017 Johanna Konta, wadda a Eastbourne ɗin iyalinta suka zauna, ta doke Jelena Ostapenko da Kerber a rana guda saboda ruwan sama ya tara wasanni, ta yi mummunar faɗuwa daf da kammala na biyun, washegari ta janye. Ta je Wimbledon ta kai wasan kusa da na ƙarshe. A 2022 Serena Williams, bayan shekara guda ba ta buga wasa ba, ta zaɓi Eastbourne don dawowa, a wasan 'yan bibbiyu tare da Ons Jabeur ta Tunisiya. Suka ci wasa biyu, fili ya cika maƙil, sai Jabeur ta janye saboda gwiwa. Bayan mako biyu da 'yan kwanaki ga Jabeur a wasan ƙarshe na Wimbledon, mace ta farko daga Afirka da ƙasashen Larabawa da ta kai wannan matsayi a zamanin ƙwararru. Wa zai ce ta yi kuskure? In ana babbakar giwa ba a jin ƙaurin zomo. Mai tikitin ranar Alhamis a Eastbourne ne dai aka bari da cizon yatsa.

Kuɗin ma haka suke faɗa. A 2025 wadda ta ci Wimbledon ta karɓi fam miliyan 3, wadda aka cire a zagayen farko kuma fam 66,000. Wato ladan faɗuwa a wasan farko na Wimbledon ya zarce ladan ɗaukar kofi a Eastbourne. Duk 'yar wasan da ke da gurbi a Landan, babban abin da take tsoro a makon jajibere shi ne rauni.

To mene ne wannan 500 da 250 da ake ta faɗa? WTA ta kasa gasanninta mataki-mataki, kuma lambar tana nuna yawan makin da zakara ke samu: 1000, 500, 250, da ƙaramin mataki na 125. Manyan gasanni huɗu na duniya, waɗanda ba WTA ce ke da su ba, maki 2000 suke bayarwa. Ana tara makin da 'yar wasa ta samu cikin mako 52 da suka wuce, a fitar da matsayinta a jerin gwanayen duniya. Matsayin nan shi ne jarinta. Shi ke ba ta shiga gasa kai tsaye ba sai ta bi ta wasannin neman gurbi ba, shi ke sa a ware ta cikin 32 da ba za a haɗa su da juna ba a zagayen farko-farko na Wimbledon, da shi take ciniki da kamfanonin talla. Mataki kuma yana tafe da ƙa'idojinsa: mafi ƙarancin ladan da za a biya, da irin 'yan wasan da za su iya shiga. Gasar 250 an taƙaita mata adadin manyan 'yan wasan da za ta ɗauka, don a tura su zuwa manyan gasanni. Saboda haka saukar da gasa daga 500 zuwa 250 ba rage maki kawai ba ne. Ko da babbar 'yar wasa tana son iskar Eastbourne, doka na iya hana ta.

Akwai wani ɗan abu da ba kowa ke lura da shi ba. Wimbledon tana ware 'yan wasanta 32 ne bisa jerin da ya fito ranar Litinin, mako guda kafin a fara. A ranar ko wasan zagayen farko ba a gama ba a Eastbourne. Duk makin da aka ci a can, ya makara ga wannan shekarar. Gasannin makonni biyu na farko, irin ta Berlin, su ne makinsu ke shiga lissafi. A ɗaya ɓangaren kuma, a daidai makon Eastbourne ake buga wasannin neman gurbin Wimbledon a unguwar Roehampton ta Landan, don haka ƙananan 'yan wasa da yawa can suke. Na sama suna adana jiki, na ƙasa suna neman gurbi. Na tsakiya ne abokan cinikin Eastbourne na gaskiya: waɗanda gurbinsu ya tabbata a Wimbledon amma ba su sa ran kaiwa mako na biyu, kuma kofi a hannu ya fi musu alkawari. Shi ya sa wurin ya zama inda ake fara suna. A nan Madison Keys ta ci kofinta na farko a 2014, Belinda Bencic ma a 2015. Ekaterina Makarova ta taso daga wasannin neman gurbi ta cinye gasar a 2010.

Gasar ba ta garin ba ce, kuma nan ne gizo ke saƙar. Majalisar garin Eastbourne ce ke da Devonshire Park, amma gasar mallakar LTA ce, hukumar tanis ta Birtaniya. Ita kuwa LTA, babbar hanyar samun kuɗinta Wimbledon ce: bisa yarjejeniyar da ke tsakaninsu, kashi 90 cikin ɗari na rarar kuɗin gasar gare ta yake zuwa. Matakin gasa kamar lasisi ne a hannun mai shi, yana iya kai shi inda ya ga zai fi ciniki in WTA ta amince. A watan Mayun 2024 LTA ta sanar da sabon tsari. Kafin nan tana da gasar 500 a Eastbourne, da 250 a Birmingham da Nottingham. Daga 2025 sai 500 ɗin ta koma kulob ɗin Queen's da ke yammacin Landan, a makon farko bayan Paris. Eastbourne ta sauka zuwa 250. Birmingham, wadda ake yi tun 1982, ta gangara zuwa 125. Adadin manyan gasannin bai ƙaru ba, wurin zama aka sauya musu.

Hujjar LTA ba ta banza ba ce, kuma adalci ne a faɗe ta. Rabon da mata su buga gasa a Queen's tun 1973, lokacin da Olga Morozova ta ci. Maza ne suka riƙe wurin su kaɗai fiye da shekara 50. Landan ta fi yawan jama'a, ta fi kamfanonin da ke sayen kujerun alfarma, ta fi jan hankalin gidajen talabijin. Makon farko ba shi da cutar janyewa, domin Wimbledon na da saura. Sannan tun 2024 gasar Bad Homburg ta Jamus ta hau matakin 500 a daidai makon Eastbourne, sai ya zamana gasa biyu masu daraja ɗaya suna rububin 'yan wasan da dama rabinsu ba su son buga komai a makon. Wanda ya zauna da takarda da biro zai iya isa inda LTA ta isa. Kuma gasar Queen's ta farko ta ba da labari mai daɗi: Tatjana Maria ta Jamus, mai shekara 37, uwar 'ya'ya biyu, ta fito daga wasannin neman gurbi ta ɗauki kofi.

Inda nake da ja shi ne abin da lissafin bai ƙirga ba. Wimbledon a Landan take, Roehampton a Landan, Queen's ta maza a Landan, yanzu babbar gasar share fage ta mata ma a Landan. Hukumar da aikinta shi ne yaɗa wasa a ƙasa baki ɗaya ta ƙara tattara mafi kyawunsa a birni guda, inda tikiti da masauki suka fi tsada. Garin da ya riƙe tanis ɗin mata tun lokacin da ba kowa ke son sa ba, shi aka ce ya matsa gefe da kasuwar ta fara ci. Ga masu otal da gidajen abinci na bakin tekun, makon gasar na cikin manyan makonnin shekara, kuma sunan da ke jikin allon talla yana da tasiri kan wanda zai hau jirgi ya zo.

Akwai kuma wani abin ban takaici a ciki. Gasar maza ta Eastbourne ita ma 250 ce. Novak Djokovic ya ci ta a 2017, Taylor Fritz na Amurka ya ci ta sau huɗu. A da, mata ne ke sama a Devonshire Park, maza baƙi. Yanzu lamba ɗaya suke ɗauke da ita, amma ladan ba ɗaya ba, domin matakin 250 na ƙungiyar maza ta ATP ya fi na WTA kuɗi. A wurin da aka kafa don mata, sai ga shi maza sun fi su karɓa. Gasar Amurka ta daidaita lada tun 1973, Wimbledon sai a 2007, amma a ƙananan gasanni giɓin yana nan. LTA ta yi alkawari a 2025 cewa za ta daidaita ladan maza da mata a Queen's da Eastbourne nan da 2029, kuma ta ƙara wa matan kuɗi fiye da abin da doka ta wajabta mata.

Sunan gasar kansa tarihin waɗanda suka biya ne. A 'yan shekarun nan kaɗai ta amsa sunan Aegon, da Nature Valley, da Viking, da Rothesay, sannan Lexus a 2025. Mutane dai Eastbourne suke cewa. Sau biyu ba a buga ta ba tun kafuwarta: a 1977, da filin ya karɓi gasar ƙasashe ta mata, da 2020 saboda annobar korona. A 1997 kuma ruwan sama ya hana a kammala wasan ƙarshe, aka raba ladan tsakanin Novotna da Arantxa Sanchez Vicario, a garin da ke tallata kansa da cewa yana cikin mafi samun hasken rana a Birtaniya.

Shekarar farko ta sabon tsari ta nuna fuskokin abin duka a mako guda. Iga Swiatek ta tafi Bad Homburg, ta faɗi a wasan ƙarshe hannun Jessica Pegula, sannan ta je ta cinye Wimbledon da 6-0, 6-0 a kan Amanda Anisimova, wadda ita kuma a Queen's ta kai wasan ƙarshe. Eastbourne ta samu Barbora Krejcikova, mai riƙe da kofin Wimbledon a lokacin. Ta ci wasa biyu da kyar, sai ta janye kafin zagayen 'yan takwas saboda ciwon cinya. Fagen ya zama na matasa, Eala ta zama 'yar Filifins ta farko da ta kai wasan ƙarshe a babbar gasar WTA, Joint ta ɗauki kofi.

Bayan kwana uku da wasan nasu, duka su biyun suna Landan. An cire Joint a zagayen farko. Eala kuwa jadawali ya haɗa ta da Krejcikova a babban filin Wimbledon, wadda ta huta tun ranar Alhamis. Eala ta ci turmin farko, Krejcikova ta cinye biyun da suka biyo baya.